Dokar da ba ta iso Arewa da Hausa ba

Gwaggona a Matankari ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma ta iya danna alamar tura saƙo a WhatsApp. Da murya ta shigo salularta, ta kara a kunne, ta ce "Subhanallahi", sai ta tura wa dangi daga Dogon Dutsi har Yamai. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai dokar laifukan intanet ta 2019. A 2022, zamanin Shugaba Bazoum, an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi. A watan Yunin 2024 Janar Tiani ya mayar da shi, shekara 1 zuwa 3. Ban ce a bar masu ƙage su ci karensu ba babbaka ba, na ga auren da muryar ƙarya ɗaya ta kashe. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar da Faransanci take, alhali a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ina adalci a kai manomin Tibiri gaban alƙali kan ayar da ba a taɓa karanta masa ba? A fassara ta, a karanta ta a gidajen rediyon karkara da ranar kasuwa, malaman sakandare su zauna da ɗalibai a kanta, tunda su ke saita wa iyayensu waya. Kuma a fayyace mana abin da dokar ke nufi da "tada hankalin jama'a", don kada mai kukan rashin ruwan famfo ya faɗa ciki.