Wasiƙa ga masu koya wa ɗan gem faɗuwa

Ƙannena masu haɗa gem da zanen motsi a Potiskum,

Kwanan baya ɗaya daga cikinku ya nuna mini gem ɗin damben da yake haɗawa. Naushin ya yi kyau, ba laifi. Sai dai duk wanda aka nausa, a haɓa ne ko a ciki, faɗuwa iri ɗaya yake yi: ya yi baya ya baje kamar buhun gero. A karo na biyar na bar kallon dambe na koma ƙirga faɗuwa.

Wannan ciwon kai ya daɗe yana damun masu gem ɗin ƙwallon Amurka, inda ƙarti 22 ke gwabza karo a fili. Tsohuwar hanya ita ce a naɗi motsin ɗan wasa na gaske, a adana, gem ya riƙa zaɓo wanda ya fi dacewa. A 2010 kamfanin NaturalMotion na Ingila ya fito da Backbreaker, bisa injinsa Euphoria, wanda aka yi aiki da shi a GTA IV. Maimakon naɗaɗɗen motsi, sai aka ba ɗan gem ƙashi da tsoka da tunanin kare kansa, kwamfuta ta lissafa karon nan take. Karo biyu ba sa zuwa iri ɗaya. Duk da haka Backbreaker bai ture gem ɗin Madden na kamfanin EA ba. A lokacin EA ke riƙe da lasisin gasar NFL ita kaɗai, jama'a kuwa sunayen gwanayensu suke nema. Da Madden ya shigo da nasa lissafin a 2012, sai ga 'yan wasa na tuntuɓe da juna bayan an hura usur. Wanda ya buga FIFA 12 a shagon gem ya san irin wannan abin dariya.

Saboda haka kada ku sakar wa lissafi ragama gaba ɗaya. Tsayuwar ɗan dambe, yadda yake miƙa hannun garkuwa ya ɓoye na mashi, wannan ku zana da hannunku a Blender. Lissafi ya karɓa daidai lokacin da naushi ya sauka, ya mayar muku da jikin bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ku sa wa kowace gaɓa iyaka, don gwiwa ba ta lanƙwasawa gaba.

Nauyi kuwa ba a koyonsa a zaune. Ku je kara ranar kasuwa ku ga yadda ake loda bijimi a tirela: yakan kafe ƙafafu, ya sauke gindi, mai jan igiya ya kwanta baya har dugadugansa na jan layi a ƙasa. Ku ɗauka da waya, ku kalla a hankali.

Sa'arku, mutum biyu kawai za ku lissafa, ƙaramar waya ma za ta iya ɗauka. Amma a dambe hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an kashe mutum, don haka wasan duka yana cikin tangaɗin nan: taku biyu a karkace, hannu na laluben iska, 'yan kallo sun miƙe. A nan za ku ɓata watanni. In kun gama, ku kai wa tsohon ɗan dambe ya gani kafin ku kawo mini.

Naku,
yayanku a sana'a