Atamfar Holan da ba ta taɓa ganin Holan ba

Duk wanda ya san kasuwar Maraɗi, ko ta Ƙonni, ko Kantin Kwari a Kano, ya san abin da muke nufi. Turmin atamfa ne, an buga masa sunan Holan a baki, alhali daga masaƙun ƙasar Sin ya fito. Dillali ya sani, mai shago ya sani. Wadda ba ta sani ba ita ce gwaggon ango da ta zo haɗa lefe. Wanki biyu zane ya koɗe, a shiga ƙananan maganganu tsakanin surukai.

Cutar tsohuwa ce. Tun 1883 aka ƙulla yarjejeniyar Paris, a 1891 aka ƙara da ta Madrid, wadda ta ce kayan da aka yi ƙaryar ƙasar da suka fito a ƙwace su wurin shigowa. Nijar da Najeriya da Sin duk suna cikin ta Paris. Nijar kuma tana cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Ashe dai doka ba ta yi ƙaranci ba.

To, ina gizo ke saƙar? Yarjejeniyoyin Paris da Madrid sun bar ƙofa a buɗe: ba su wajabta wa hukuma kama kayan da ke wucewa zuwa wata ƙasa ba. Mu kuwa cinikin iyakarmu da yawansa na wucewa ne. Shekara da shekaru diloli na sauka Lome da Kwatano, tashar ruwa ta ce ba nata ba ne, duwan ta karɓi kuɗinta, dare ya yi kaya su tsallaka. A 2007 masaƙar UNTL ta Kaduna ta tsaya, dubban ma'aikata suka koma gida. Gaskiya rashin wutar lantarki ya taimaka, amma wa zai iya gasa da mai satar suna?

Ba mu ce a hana kayan Sin ba. Talaka ma yana son sabon zane ranar salla, kuma akwai masu kyau a cikinsu. A sayar da su da sunansu da farashinsu. Muna kira ga shugabannin ƴan atamfa su sa a riƙa rubuta ƙasar kaya a kan rasit, wanda aka kama da ƙarya ya mayar da kuɗi a gaban sarkin kasuwa. Hukumomi kuma su ba ma'aikatan duwan ikon kwance dilar da ke wucewa, su gwada tambarin bakin zane da takardar jirgin da ya kawo ta.