Lissafin mutuwar yara ƙanana: abin da ya shafi Damargu

Masana ƙididdiga suna duba alƙaluman shekarun baya domin su hango abin da zai faru gaba. A Nijar, binciken lafiyar jama'a na 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa, 318 suna rasuwa kafin su cika shekara 5. Adadin ya sauko zuwa 274 a 1998, zuwa 198 a 2006, sannan 127 a 2012. Allurar rigakafi, gidan sauro, ƙananan gidajen magani na karkara, da kuma magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da gwamnati ta kafa a 2006, su ne suka kawo wannan ci gaba.

Da saukar ta ɗore yadda ta faro, da a 2021 adadin ya kusanci 85. Amma binciken da Ma'aikatar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a wannan shekara ya sami 123. Ke nan tafiya ta yi sanyi, alhali burin da ƙasashen duniya suka tsayar shi ne 25 nan da 2030.

A gundumomin Tanut da Balbeji, hange ya fi wuya. Adadin ƙasa baki ɗaya ba ya faɗin halin kowace gunduma. Cimakar Damargu ta dogara ga damina guda. Idan ruwa ya ƙi, kamar a 1984, ko fara ta haɗu da fari kamar gabanin yunwar 2005, tamowa takan rusa lissafin shekaru cikin ƴan watanni. Makiyaya Buzaye da Fulani suna bin ciyawa nesa da likita, kuma jaririn da ya rasu a ruga sau da yawa ba ya shiga kowane littafi. Ita kuwa Balbeji sai a 2011 ta zama gunduma, don haka tsofaffin alƙalumanta suna gauraye da na Tanut.

Magana ce mai nauyi, domin da waɗannan alƙaluma ake raba magani, ma'aikata da abincin agaji. Gundumar da ba a ƙirga mamatanta ba, rabonta zai ragu.

Saboda haka ya wajaba magadan gari, sarakuna da masu gari su tsaya a rubuta kowace haihuwa da kowace rasuwa. Waɗanda suka kammala karatun yaƙi da jahilci suna iya riƙe wannan littafi a garuruwansu.