Wutar Lantarki a Karkara: Haske Kaɗai Ba Ya Cika Rumbu

Ranar da aka kunna wutar lantarki a wani ƙauye a karo na farko, rana ce ta biki. Akan yi taro, makaɗa su yi kiɗa, manya su yi jawabi, yara kuma su kwana suna wasa a ƙarƙashin ƙwan fitilar da aka rataya a ƙofar gidan dagaci. Idan an shekara biyu ko uku da wannan murna, akwai tambayar da ya kamata a yi wa magidantan garin, watau, shin kuɗin da ke shigowa gida ya ƙaru, ko kuwa takardar biyan kuɗin wuta ce kawai ta ƙaru a kan ɗawainiyar da ake da ita? Wannan tambaya ta shafi Gafasa, da ke cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi a ƙasar Gaya, kamar yadda ta shafi maƙwabtanta irin su Toranke da Balare da Kunkurawa. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, lantarki ba ya ƙara wa gida arziki sai ya shiga cikin sana'a. Wutar da ta tsaya a kan ƙwan fitila da cajin waya tana kawo jin daɗi, amma wadda ke juya inji, ta sanyaya kaya, ta ɗago ruwa, ita ce ke kawo kuɗi.

Yadda aka faro

An kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1950, aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗa hukumar lantarki da ta madatsun ruwan Neja aka sami NEPA. A tsawon waɗannan shekaru birane da masana'antu aka fi bai wa muhimmanci. Dokar gyara harkar lantarki ta 2005 ce ta samar da Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, kuma a watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, inda KEDCO ya karɓi jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Duk da haka, a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 85 ba su da lantarki, kuma mafi yawansu mazauna karkara ne. Saboda haka buƙatar kai wuta ƙauyuka ba abin musu ba ce. Abin da ke buƙatar nazari shi ne irin wutar da za a kai, da abin da za a yi da ita.

Mene ne yunit ɗaya?

Domin ɗalibi ya fahimci wannan batu, sai ya fara sanin abin da mita ke ƙirgawa. Yunit ɗaya na lantarki shi ne ƙarfin wat 1,000 da aka yi amfani da shi na tsawon awa ɗaya. Jikin ɗan Adam ma inji ne, abinci ne makamashinsa. Ƙaƙƙarfan mutum da ke aikin ƙarfi tun safe har yamma yana fitar da kimanin wat 75 ne a kai a kai. Idan ya yi awa 8 yana aiki, abin da ya samar bai wuce kashi 6 cikin 10 na yunit ɗaya ba. Ke nan yunit guda ya fi aikin wuni na ƙato. Matar da ke tashi da asuba ta yi surfe, ta yi daka, ta ja ruwa daga rijiya, tana kashe ƙarfinta da lokacinta ne a kan aikin da ƙaramin inji zai gama cikin 'yan mintoci.

Yanzu sai a dubi ƙwan fitila. Ƙwai na zamani mai wat 10, idan ya yi awa 5 a kunne kowane dare, yunit ɗaya da rabi kacal zai ci a wata. Gidan da ke da ƙwai uku da wayoyi biyu da ƙyar zai kai yunit 6 a wata. Amma injin niƙa mai wat 7,500, idan ya yi aikin awa 4, ya ci yunit 30 a rana ɗaya, daidai da abin da gidaje 150 irin wancan za su sha a ranar. Wannan lissafi yana koyar da abu biyu. Na farko, aikin da ke kawo kuɗi yana wurin inji. Na biyu, duk wanda ya ja waya mai tsawon kilomita da yawa zuwa garin da ba a kunna komai sai ƙwai, ba zai tara abin da zai gyara taransifoma ba idan ta ƙone, kuma daga nan ne ake fara mantawa da garin. Mai injin niƙa da mai walda su ne ke sa layin wuta ya riƙe kansa, har talaka ya ci gaba da ganin haske a ɗakinsa.

Abin da bincike ya gano

Masana tattalin arziki sun auna wannan al'amari a ƙasashe da dama, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A Afirka ta Kudu, Taryn Dinkelman ta nazarci ƙauyukan lardin Kwazulu-Natal da aka kai wa wuta tsakanin 1996 da 2001, ta gano cewa yawan matan da ke da aikin samun kuɗi ya ƙaru sosai, domin lokacin da suke ɓatawa wajen neman itace da girki ya ragu, wasu kuma sun buɗe ƙananan sana'o'i a gida. A yammacin Kenya kuwa, Kenneth Lee da Edward Miguel da Catherine Wolfram sun yi gwaji inda aka rage wa wasu gidaje kuɗin jona wuta, wasu ma aka jona musu kyauta. A sakamakon da suka buga a 2020, bayan kusan shekara uku ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba a kuɗin shigar gidajen da aka jona da waɗanda ba a jona ba. Mutanen sun sami wuta, amma ba su da jarin sayen abin da za su sarrafa da ita. A Indiya ma, nazarin babban shirin kai wuta ƙauyuka da aka fara a 2005 ya nuna cewa ƙananan ƙauyuka sun amfana kaɗan ne, manyan garuruwa masu kasuwa da masu sana'a su ne suka ga canji. Darasin a fili yake: wuta tana haɓaka sana'ar da ta tarar, ko wadda aka tanadar wa jari da kasuwa.

Inda kuɗin yake a Gafasa

Ƙasar Gaya ba baƙuwar sana'a ba ce. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala suna haƙar tama, daga Gaya suka taso. Har yanzu akwai maƙera da masu ɗinki da masu gyaran babura a garuruwan yankin, ga kuma noman gero da dawa da gyaɗa da wake da riɗi. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa da ɓawo a lokacin kaka yana sayarwa ne a farashi mafi ƙasƙanci na shekara. Idan akwai injin ɓare gyaɗa da na markaɗe da na matsar mai a garin, ribar da ke tsakanin buhun gyaɗa da kwalbar mai da ƙuliƙuli za ta tsaya a gida. Wannan ya fi shafar mata, domin tun a ƙarshen shekarun 1960 Polly Hill ta nuna a Batagarawa, kusa da Katsina, cewa akwai babban ciniki da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, wanda baƙo ba ya gani. Injin markaɗe da firiji da keken ɗinki mai lantarki suna shiga wannan kasuwa ta cikin gida kai tsaye.

Ilimin halittu ya bayyana wata hanyar da kuɗi ke zurarewa ba a lura ba, watau ruɓewa. Wasu ƙwayoyin bakteriya suna rabuwa gida biyu kowane minti 20 idan sun sami ɗumi da abinci. Ƙwaya ɗaya tak da ta faɗa cikin madara da safe za ta iya zama fiye da miliyan 2 cikin awa 7. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 5 yana rage wannan hayayyafa ƙwarai. Haka kuma tumatir da attaruhu suna ci gaba da numfashi bayan an tsinke su, suna ƙone sukarin da ke jikinsu, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin wannan aiki sau biyu ko fiye. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a ƙasar Kano, mai kayan gwari ba shi da zaɓi illa ya sayar a duk farashin da aka taya kafin la'asar. Ɗakin sanyi guda ɗaya a kasuwa zai ba shi ikon cewa albarka. Mai kiwon kaji ma haka: ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 21 a ɗumin da ya kusa digiri 38, yawancin allurar rigakafi kuma tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Duk waɗannan suna buƙatar wuta mai ɗorewa, domin ɗaukewar wuni guda za ta iya lalata ƙwai da magani da madara gaba ɗaya.

Tsadar rashin wuta

Wani zai ce ai masu niƙa da masu walda sun daɗe suna aiki da inji mai shan fetur ko gas. Gaskiya ne, amma a dubi abin da suke biya. Litar fetur tana ɗauke da makamashin zafi na kimanin yunit 9, sai dai ƙaramin janareta ba ya mayar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na wannan zuwa lantarki, saura yana tafiya a hayaƙi da zafi. Ke nan lita ɗaya tana ba da kimanin yunit 2. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A wancan lokaci mai janareta a ƙauye yana sayen yunit ɗaya a kan wajen naira 500, alhali farashi mafi tsada da aka sanya wa masu samun wuta sosai a birane a watan Afrilu na 2024 naira 225 ne. Wannan bambanci daga aljihun matar da ta kai niƙa yake fita.

Layin gwamnati ma yana da nasa rauni. A watan Oktoba na 2024, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa Kano da jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Garin da ke ƙarshen dogon layi shi ne ke fara rasa wuta, idan ma ta zo takan zo da rauni, raunin da ke ƙone injin lantarki. Shi ya sa hasken rana ya cancanci kulawa. Kowane murabba'in mita a ƙasar Kano yana samun hasken da ya kai yunit 5 zuwa 6 a rana, kuma wannan haske yana zuwa ne daidai lokacin da ake niƙa da walda da ban ruwa. An ga misalinsa a kasuwar Sabon Gari a 2018, da tashar Jami'ar Bayero mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, da ta Kumbotso mai megawat 10 a 2023. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, kuma a watan Disamba na wannan shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin ƙananan tashoshin hasken rana a Nijeriya.

Ƙorafin da ke da tushe

Ba za a raina haske ba. Ɗalibin da ke karatu da dare, da unguwarzomar da ke karɓar haihuwa a ɗakin shan magani, da gidan da ya huta da hayaƙin aci-balbal, duk sun amfana, ko da ba a ga amfanin a aljihu nan take ba. Akwai kuma tsoro na gaskiya cewa masu hali ne za su sayi injuna, su ƙwace aikin matan da ke surfe da daka domin a biya su, da na 'yan ga-ruwa. Maganin wannan shi ne a tsara mallakar injin tun farko. A 1935 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a Amurka, kuma ƙungiyoyin gama-kai na manoma, da rancen gwamnati mai sauƙi, su ne suka kai wuta kusan kowace gona cikin shekara ashirin. Adashin da matan karkara suka saba da shi zai iya zama harsashin irin wannan ƙungiya.

Kammalawa

Idan shugabannin Gafasa da ƙungiyoyin ci gaban garin za su gabatar da buƙata ga hukuma ko kamfani, ya kamata su nemi abubuwa biyar a tare: wuta mai layi uku da za ta ɗauki manyan injuna, tabbacin samun ta da rana, mita ga kowane mai amfani domin a kauce wa kuɗin ƙiyasi, rance mai sauƙi ga ƙungiyoyin mata da masu sana'a, da horar da matasan garin gyaran waya da inji da wanke ƙurar hunturu daga farantan sola. Malaman kimiyya a makarantun sakandare na Gaya da Ajingi za su iya taimakawa da aiki mai sauƙi: su tura ɗalibai su ƙirga injunan da ke garinsu, su rubuta litar man da kowanne ke sha a mako, su lissafa yunit nawa ke nan da kuma kuɗinsa. Takardar da ke ɗauke da waɗannan alƙaluma ita ce abu na farko da duk mai niyyar kafa tashar wuta zai nema, kuma garin da ya riga ya tanade ta ya fi kusa da a saurare shi.