RIKICIN KWATA BA RIKICIN ƘABILA BA NE

Jama'a, Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Babu unguwar da ba a samun saɓani tsakanin maƙwabta, ko a Kano ko a nan Ikko. Wannan ya toshe kwata ruwa ya koma ɗakin wancan, wani ya jingina janareta da tagar wani, wani kuma ya tare ƙofar gidan mutane da motarsa. Duk wannan ba sabon abu ba ne. Abin da muka ƙi yarda da shi, kuma ba za mu taɓa yarda ba, shi ne da zarar ɗayanmu ya buɗe baki ya yi ƙorafi, sai a ce masa: nan ba garinku ba ne, in ba ka so ka koma Arewa.

To, ina ruwan kwata da asalin mutum? Shin hayaƙin janareta yana tambayar ƙabila kafin ya shaƙe yaro? Da yawanmu a Agege aka yanke mana cibiya, nan kakanninmu suke kwance. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama duk inda ya so a ƙasar nan, na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko garin asali, na 43 kuwa ya ba shi damar mallakar gida ko fili a ko'ina. Saboda haka ba alfarma ake yi mana ba.

Amma fa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mu ma muna da namu laifin, kuma kashi biyu ne.

Na farko shi ne haƙurin da ba shi da kai. Maƙwabci ya shekara yana cutar mutum, ya kai kuka wajen manya, sai a ce yi haƙuri, mu baƙi ne. Ba a kira wancan ba, ba a rubuta komai ba. Wannan ba sulhu ba ne, binne garwashi ne a cikin toka. Na biyu shi ne matasan da ke jin an yi cacar baki sai su taru da gora, su mai da faɗan mutum biyu na al'umma biyu.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A Mile 12, cikin Maris 2016, daga ɗan acaba ya buge wata mata aka kai ga asarar rayuka da ƙone gidaje. A kasuwar Shasha ta Ibadan, cikin Fabrairun 2021, musu ne kan tumatir da ya zube a gaban wani shago, sai ga kasuwa ta zama toka. Waɗanda suka rasa dukiyarsu, Hausawa da Yarabawa, yawancinsu ba su ma san yadda aka fara ba.

Don haka ga matsayinmu. Duk wanda maƙwabci ya dama, ya fara samunsa cikin mutunci tare da shaida ɗaya. In ya ƙi ji, a kai maganar gaban Sarkin Hausawa da Baale tare, a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu. In hakan ya gagara, akwai cibiyar sasanta jama'a ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas, wadda ke sauraron irin wannan ƙara kyauta. Bayanta kuma akwai kotu. Wanda aka yi wa barazana da makami kuwa, kada ya tsaya jira, ya nufi ofishin 'yan sanda.

Sannan mu daina ƙaurace wa taron ƙungiyar unguwa. Muna biyan kuɗin shara da na 'yan sintiri, amma ranar taro kujerunmu wayam. Wanda ba ya nan ai da shi ake yanke hukunci. Mu je, mu karɓi rasit, mu yi magana.

Ga maƙwabtanmu kuma muna cewa: wanda ya yi laifi a cikinmu ku kira shi da sunansa, ba da sunan ƙabilarsa ba. Mu ma haka za mu yi muku.

Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.