RA'AYINMU: Yaran galahanga haƙƙi ne a wuyan al'umma

A kusan kowace unguwa ta garuruwanmu akwai gidan da kowa ya san akwai wani yaro a ciki, amma ba a cika ganinsa a waje ba. Yaro ne da ya kai shekara huɗu ko biyar bai fara magana ba, ko kuma ya fara ya daina. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya haɗa ido da mutane, ba ya shiga wasan tsararrakinsa, sai dai a gan shi yana ta kaɗa hannu ko yana jera murafan kwalba tun hantsi har azahar, kuma ƙarar injin markaɗe ko ta janareta kan sa ya toshe kunne ya yi ta ihu. Mutanen unguwa kuwa tuni sun yanke hukunci. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce aljanu ne, wasu su ce kishiya ce ta yi asiri, wasu kuma su ce uwar ce ta sangarta shi. Likitoci suna kiran wannan lalura otizim. A Hausa an fi ce mata galahanga, ko da yake mutane kan haɗa wasu lalurorin daban a ƙarƙashin wannan suna.

Abin da muke son jawo hankalin 'yan'uwa a kai a wannan makon abu ɗaya ne. "Allah sarki" da ake cewa da baki, da 'yar sadakar da ake miƙawa a ƙofar masallaci, ba za su sauke mana wannan nauyi ba. Waɗannan yara da iyayensu suna bukatar asusu tsayayye, mai tsari, mai lissafi, wanda jama'ar unguwa za su kafa su kuma riƙe shi shekara da shekaru. Kuma ku matasa, ku ne masu ƙafar yawo da ƙarfin yin wannan aiki.

Da farko ya kamata mu san mene ne wannan abu, domin jahiltarsa ita ce ke fara cinye dukiyar iyaye. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa tun yana ciki, wanda ke shafar yadda yake magana, da yadda yake hulɗa da mutane, da yadda yake jin sauti, haske da taɓawa. Ba a ɗaukar sa kamar mura, kuma bincike ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma a cikin sababinsa. A shekarar 1943 ne wani likita mai suna Leo Kanner, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya rubuta bayanin yara 11 masu waɗannan alamomi. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 kimanin mutum 1 cikin 127 ne ke da shi a duniya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuwa, a rahotonta na 2025, ta sami yaro 1 cikin 31 a tsakanin 'yan shekara takwas da ta bincika. Maza da ake ganowa sun ninka mata sau uku zuwa huɗu. In muka ɗauki ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kawai, unguwa mai mutum 10,000 za ta iya samun kusan mutum 80. To, ina suke? Amsar ita ce suna cikin ɗaka.

Lalurar hawa-hawa ce. Akwai wanda zai yi karatu har jami'a, ya yi aiki, ya yi aure, mutane na ce masa "ba ya son jama'a" kawai. Akwai kuma wanda har ya girma ba zai yi magana ba, sai an yi masa wanka an ba shi abinci. Wasunsu suna haɗawa da farfaɗiya. Babu wata ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke raba mutum da otizim. Abin da aka tabbatar yana amfani shi ne gano shi da wuri, domin ƙwararre yana iya gane shi tun yaro na wajen shekara biyu, sannan a bi shi da koyarwa cikin haƙuri: koya masa magana ko nuni da hotuna, koya masa zagayawa bayi, sa tufafi da zama cikin mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Haka nan dole a kawar da maganar da ake yaɗawa cewa allurar rigakafi ce ke kawo shi. Asalin maganar wani rahoto ne da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga a 1998 a mujallar likitoci ta The Lancet, yana danganta lalurar da rigakafin ƙyanda. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke sunan mutumin daga rajistar likitoci. A 2019 wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak a kan yara fiye da 650,000 bai sami wata alaƙa ba. Duk wanda ya hana ɗansa rigakafi saboda wannan jita-jita, bai tsare shi daga otizim ba, ya dai buɗe wa ƙyanda ƙofa.

Yanzu mu dubi halin da iyalin ke ciki. Uwa ba ta barci, ba ta zuwa biki ko suna, ta ajiye 'yar sana'arta domin ba ta isa ta ɗauke ido daga kan yaron ba. Makarantar boko ta ce ba ta iyawa, ta Islamiyya ta ce yana hana sauran yara karatu. Uba yana ta sayar da abin hannunsa yana kai wa bokaye da 'yan tsibbu, wannan ya ce a yanka baƙin bunsuru, wancan ya ce a yi hayaƙi kwana bakwai. In kuɗi suka ƙare sai zargi ya fara, dangin miji su ce daga danginta ne, sau da yawa a ƙare da saki, ta koma gidan iyayenta da yaron da kowa ke gudu. Mafi muni shi ne lokacin da yaron ya girma ya fi ƙarfin uwar. A watan Nuwamba na 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa dubban masu lalurar ƙwaƙwalwa a Nijeriya suna ɗaure da sarƙa a asibitoci, da gidajen masu maganin gargajiya, da cibiyoyin addini na Musulmi da na Kirista. Wannan ita ce makomar da muke ji wa yaron da ba a fahimci lalurarsa ba, wal'iyazu billah. Addu'a makamin mumini ce, ba mai musun wannan. Amma mari da bulala ba addu'a ba ne, zalunci ne a kan wanda ba ya ma iya kai ƙara.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne akwai haƙƙi a kanta. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma haramta yin bara da su. A 2020 aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa. Amma a tambayi uwar da ke zaune da ɗanta a ɗaka ko wannan doka ta taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa. Neman haƙƙi wajen mahukunta wajibi ne, sai dai yaron da ke shekara uku a yau ba zai tsaya da girma yana jiran kasafin kuɗi ba.

Akwai darasi a tarihin wasu mutane. A farkon shekarun 1960 a Ingila, ana ɗaukar irin waɗannan yara a matsayin waɗanda ba sa koyuwa, wasu masana ma suna ɗora laifin a kan iyaye mata, wai ba su nuna wa 'ya'yansu ƙauna ba. A 1962 wasu 'yan tsirarun iyaye a Landan, cikinsu har da likita Lorna Wing, wadda 'yarta ke da lalurar, suka haɗu suka kafa ƙungiya suka shiga neman gudummawa. A 1965 suka buɗe makaranta a unguwar Ealing a ƙarƙashin wata malama, Sybil Elgar, wadda ta fara koyar da irin waɗannan yara a cikin gidanta. Ta nuna wa duniya cewa suna koyuwa in an bi su da tsari. Wannan ƙungiya ce ta zama National Autistic Society, kuma da matsin lambarta majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman a kan otizim a 2009. Iyayen ba su jira hukuma ba, hukuma ce ta biyo su daga baya. Idan waɗannan sun iya, ina ga al'ummar da ta gaji zakka, wakafi, adashi da aikin gayya?

Lissafin ba shi da wuya. In matasa 200 a gari ɗaya suka ɗauki alƙawarin N500 kowace Juma'a, an sami N100,000 a mako, wato N5,200,000 a shekara. Nawa ne ɗan'uwa ke ƙonawa a katin waya da gidan kallon ƙwallo a mako? Ƙarami mai ɗorewa ya fi taron gidauniya na rana ɗaya, inda ake kiran miliyoyi a lasifika, a watse ba a ga ko rabi ba. Sannan a tuntuɓi 'yan kasuwar unguwa lokacin fitar da zakka, domin mafi yawan waɗannan iyalai suna cikin fakirai da miskinai. Jihohi irin su Kano, Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi, a kai musu sunaye a rubuce. Mai shago ko fili da ke son sadaka mai gudana, a nuna masa wannan ƙofa.

A kan me za a kashe kuɗin? Na farko, kai yaro ga ƙwararru. A fara da gwajin kunne, sannan ganin likitan yara ko na ƙwaƙwalwa a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri. Sau da yawa kuɗin mota ne kaɗai ke tsakanin uwa da likita. Na biyu, maganin farfaɗiya ga mai ita, kada ya yanke. Na uku, malami. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen koyar da ilimin masu bukata ta musamman, akwai kuma kwalejin tarayya ta musamman a garin Oyo. A ɗauki nauyin ɗan'uwa ɗaya da 'yar'uwa ɗaya su karanto, da sharaɗin su dawo su buɗe aji a makarantar unguwa. Na huɗu, horar da iyayen kansu, domin su ne ke tare da yaron dare da rana, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shiri na musamman don koya wa iyaye yadda za su yi amfani da wasa da ayyukan gida wajen koyar da yaro. Na biyar, jarin sana'ar cikin gida ga uwa. Na shida, tsaro. Da yawa daga cikin yaran nan sukan sulale su fice, kuma ruwa na jan hankalinsu. Rufe rijiya, gyara ƙyaure da kange kududdufi aiki ne na yini ɗaya ga matasa goma, amma yana iya ceton rai.

Sai batun amana, wanda shi ne ke kashe yawancin asusun da muke kafawa. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum uku, kada kuɗi su kwana a aljihun kowa. A karanta shiga da fita a bainar jama'a kowane wata, da rasidi. A biya asibiti ko makaranta kai tsaye. A sa iyayen yaran a cikin kwamiti, musamman mata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ko sisi kada ya tafi ga mai cewa yana warkar da galahanga cikin kwana arba'in, ko da yare yake tallarsa ko da Turanci. Kada a ɗauki hoton yaro yana kuka a watsa a Facebook da WhatsApp don a tara kuɗi, mutuncinsa ba haja ba ce. Kuma kada a tambayi uwa wane masallaci mijinta ke bi, ko ma wane addini take yi, kafin a taimaka mata. Maƙwabci maƙwabci ne.

Akwai kuma gudummawar da ba ta bukatar ko kwabo. In ka ga yara sun biyo ɗayansu da jifa da waƙar tsokana, ka tsawatar. Ka daina kiran sa mahaukaci ko dolo, ka kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa. In ya yi ƙara a sahu, kada ka harari uban, ka matsa masa wuri. Ka tura ƙanwarka ta riƙe wa uwar yaron na awa biyu ta samu ta runtsa. Kuma ka sani, ya kai ɗan'uwa, gobe kai ma uba ne, ba ka san abin da za a ba ka ba. In Allah ya jarrabe ka da irin wannan ɗa, namiji shi ne wanda ya tsaya tare da matarsa, ba wanda ya miƙa mata takarda ba.

A watan Disamba na 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar ƙasar Katar, ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kan otizim. A irin wannan rana ce a 2025 aka baje wani zane a Dandalin Eagle da ke Abuja, mai faɗin fiye da murabba'in mita 12,000, wanda wani yaro ɗan Nijeriya mai wannan lalura, Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ɗan shekara 15, ya zana ya shiga kundin bajinta na Guinness da shi. Ba kowane yaro ne zai zama haka ba, kuma ba don baiwa za a taimaka musu ba. Wanda ba zai taɓa furta kalma ba ma yana da cikakken haƙƙi. Amma wannan ya isa ya nuna bambancin yaron da aka tsaya masa da wanda aka kulle.

Saboda haka kada a jira Afrilu. Kafin Juma'a mai zuwa, 'yan'uwa a kowace unguwa su zauna, su sami liman da mai unguwa, su tura mata su shiga gidaje cikin sirri da ladabi a san su waye, a zaɓi ma'aji, a fara da abin da ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba iyayen waɗannan yara haƙuri da lada, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙinsu kafin ranar da za a tambaye mu.