Raddi ga masu haramta waƙa da ado baki ɗaya

  

Ku sani, ya ku malamai da almajirai, wata magana ta yaɗu a bakin waɗansu matasa masu wa'azi, suna cewa dukkan waƙa haram ce, dukkan kiɗa haram ne, ado kuwa shagala ce da duniya. Ba su rarrabe tsakanin mace mai waƙa bisa dutsen niƙa da maroƙi mai zambo a ƙofar azzalumi. Wanda bai iya wannan rarrabewa ba, bai isa hawa buzun fatawa ba, ko da lasifikarsa ta cika kasuwa.

Mu ba wanke ɓarna muka zo yi ba. Maroƙin da ke kiran ɓarawon dukiyar jama'a adali domin a jefa masa kuɗi, da garayar bori, da dandalin da ake shan giya ana cakuɗa maza da mata, waɗannan mun ƙi su jiya, muna ƙin su yau. Amma abin da ya ɓata su ƙarya ce da shirka da fasiƙanci. Kadan ka cire waɗannan, me ya rage? Murya da ma'aunin sauti, irin waɗanda ka haddace Ishiriniya da su.

To ku zo ga hujja. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa ranar idi 'yan mata biyu suna waƙar yaƙin Bu'asu a ɗakin Nana A'isha, Sayyidina Abubakar ya shigo ya tsawata musu, Annabi ya umurce shi ya ƙyale su domin ranar idi ce. Sun ruwaito kuma Habashawa sun yi wasan māsu cikin masallaci, A'isha tana kallo daga bayan Annabi har ta gaji don kanta. Ranar haƙa ramin Handaƙu, shekara ta 5 bayan hijira, sahabbai suna ɗaukar ƙasa suna rera baitoci. Mene ne bambancin wannan da manoma a gayya, ana buga gangar noma domin gwiwa ta yi ƙarfi? Sa'an nan ku duba aya ta 32 cikin Suratul A'arafi, inda aka yi inkari ga mai haramta ado da daɗaɗan arziki waɗanda Allah ya fitar domin bayinsa. Wannan aya ba ta cikin ayoyin da suke ɗaga murya da su.

Kadan ka ce: ai Risala ta hana sauraron kayan wasa da waƙa, Ibnu Mas'udu kuma ya fassara aya ta 6 cikin Suratu Luƙman da waƙa, ga hadisin kayan kiɗa cikin Buhari. Sai in ce: gaskiya ne, ba mu ɓoye ko ɗaya ba, kuma wanda ya riƙi wannan ya tsare kunnensa, ya yi kyau. Amma Muhtasar na Halilu, a babin walima, ya ƙyale bandiri ko da ga namiji, ya kawo saɓani cikin ganga. Ibnu Hazmi ya raunana hadisin nan, Ibnus Salahi ya mayar masa da martani. Gazali, wanda ya rasu a 505 ta hijira, ya keɓe littafi guda cikin Ihya'u a kan ladubban sauraro, ya rataya hukunci ga halin mai ji da abin da ake faɗa. Wannan ita ake kira mas'alar saɓani, kuma malamai ba su ɗaukar sanda a kan mas'alar saɓani. Kai da ka karanta Ahalari da rabin Iziyya, wa ya ba ka sandar?

Abin mamaki, da sunan Shehu Usmanu suke rantsuwa. Ashe ba su san da me ya kira mutane ba. Da waƙa ya kira su, da Fillanci, domin makiyayi da matar da ba ta taɓa riƙe allo ba su san farillan alwala. Lalle ya yi suka ga kiɗe-kiɗen fadar sarakunan Haɓe, amma bayan jihadin 1804 ya sassauta cikin Najmul Ihwani, ya ja kunnen masu gaggawar inkari, ƙanensa Abdullahi kuwa ya tsananta. Suka saɓa, ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga addini. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajis, ta sa musu malfa, suka bi ƙauyuka suna rera wa mata. Da a ce rerawa haram ce, da 'yan taru ba su taru ba. A bayansu ga Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, makaho, wanda Imfirajinsa ya shiga gidajen da wa'azinmu bai taɓa leƙawa ba.

Ado ma haka. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, da laka ya ɗaure bakan gizonsa, har yau magina suna tsayawa suna kallo. Almajiri ya sauke, a yi masa allon zayyana da ja da rawaya da kore, uwarsa ta yi kuka don murna. Maɗinki ya kwashe watanni a kan aska takwas. Marini a Ƙofar Mata ya tsamo zane daga baba. Kaito! A ce duk waɗannan 'yan wuta ne, mai ɗaure fuska shi kaɗai ya tsira?

Mun ga inda wannan hanya take kai mutane. A shekara ta 2012 masu bindiga suka kame arewacin Mali, suka hana waƙa a gidajen rediyo, suka rushe ƙubbobin waliyyai a Tambutu. Da za su gudu a farkon 2013 suka cinna wuta ga dubban littattafai a cibiyar Ahmadu Baba, littattafan malamai irin waɗanda ke cikin gafakarka. Hannun da ya fara da molo bai tsaya a molo ba. A 2016 kotun duniya ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, Ahmadu Alfaƙi Almahadi, shekara 9 saboda ƙubbobin nan.

Ku malaman tsangaya, kadan yaro ya gama haddarsa ya wanke allo, ku bar shi ya yi langa da tashe. Kadan kun ji waƙar daɓe ko ta reno daga cikin gida, kada ku yi gyaran murya. Bulalarku ta tafi ga ƙarya da sata da barin salla.

Wanda yake da raddi ga wannan takarda, ya zo da littafi da babi da sunan mai magana, mu shimfiɗa buzu bayan La'asar mu buɗe tare.